Fenti Ruwan Toka Iri Biyu a Yagwa

A gwangwani kamar ɗaya suke, amma a bango kowanne da halinsa. Ɗaya shuɗi-shuɗi ne, kamar sabon siminti. Ɗayan ya fi kusa da lakar bakin kogin Logone in ta bushe.

Na farkon yana sanyaya ido a zafin Afrilu, sai dai da hunturu ƙura takan fito a kansa ɓaro-ɓaro. Na biyun yana ɓoye ƙura, ya kuma dace da jeren amarya. Ni dai shi zan ɗauka.

Kafin ka sayi da yawa, shafa kowanne kaɗan a bango ya bushe, ka duba da rana da dare, don mai kanti ba ya karɓar buɗaɗɗen gwangwani.