Harajin albashi a jahohi da yawa: zaɓin ƙaramin kamfani a Amurka

1. Gabatarwa

A cikin wannan taƙaitaccen bayani za mu duba wata matsala da ke damun ƙananan kamfanoni a ƙasar Amurka, wato biyan harajin albashi idan ma'aikata suna aiki a jahohi daban-daban. A Nijar hukumar haraji ɗaya ce, asusun ma'aikata na CNSS shi ma ɗaya ne. Amurka kuwa tarayya ce mai jahohi 50, kowace da dokarta. Tun daga shekarar 2020, da annobar korona ta yawaita aiki daga gida, kamfani mai mutum 10 kan iske ma'aikatansa sun watsu cikin jahohi 4. Tambayar ita ce: ya riƙe lissafin da kansa, ko ya ba da shi kwangila?

2. Nauyin da ke kan mai kamfani

A matakin tarayya ƙa'ida ɗaya ce ko'ina. Ana cire ma ma'aikaci harajin kuɗin shiga, da kashi 6,2 cikin 100 don fansho, da kashi 1,45 don lafiyar tsofaffi. Mai kamfani yana ƙara daidai waɗannan kaso biyu daga aljihunsa, kuma yana kai bayani ga hukumar haraji ta tarayya, IRS, kowane wata 3.

A matakin jaha ne abin ke rikicewa. Jahohi 9, ciki har da Teksas da Filorida, ba su karɓar haraji kan albashi. Sauran suna karɓa, galibi a inda aka yi aikin. Wasu maƙwabta, kamar Fensilbaniya da Niyu Jasi, sun yi yarjejeniya cewa ma'aikaci ya biya a inda yake zaune. Jahar Niyok kuwa takan nemi harajinta daga wanda ofishinsa ke can amma yake aiki daga gida a wata jaha, matuƙar don jin daɗin kansa ne ya zaɓi haka. A Ohayo da Fensilbaniya, garuruwa ma suna da nasu haraji.

Haka nan inshorar rashin aiki. A shekarar 2024, Kaliforniya ta lissafa ta kan dala 7.000 na farko a albashin shekara, jahar Washintan kuwa kan dala 68.500. Ke nan ma'aikaci ɗaya tak a sabuwar jaha ya isa ya jawo sabon rajista, sababbin takardu da sababbin ranakun biya.

3. Yi da kai

Amfanin wannan hanya shi ne rage kashe kuɗi, kuma kuɗin haraji ba ya bi ta hannun kowa. Haɗarinta shi ne kuskure da latti. Tarar IRS kan jinkirin zuba kuɗi tana farawa daga kashi 2, ta hau 5, ta hau 10, har ta kai 15 bayan an aiko takardar gargaɗi. Mai lissafi guda yana iya riƙe dokar jaha ɗaya ko biyu, amma bin sauye-sauyen jahohi 6 aiki ne da zai cinye masa lokaci.

4. Ba da kwangila

Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu, kamar ADP da Paychex, wanda aka kafa a 1971 musamman don ƙananan kamfanoni. Suna lissafi, suna cike takardu, suna zuba kuɗi a madadin abokin cinikinsu. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa: aikin ne ake miƙawa, alhakin yana nan. Idan ɗan kwangila ya karɓi kuɗi bai kai ba, mai kamfani IRS za ta bi. Doka tana ɗaukar abin da aka cire daga albashi a matsayin amana, kuma wanda ke da alhakinta, in ya ƙi kai ta da gangan, ana iya karɓar ta cif daga dukiyarsa ta kansa.

Haɗarin ba zato ba ne. A watan Satumba na 2019 kamfanin MyPayrollHR na jahar Niyok ya rufe kwatsam, dubban ma'aikata suka wayi gari ba albashi. A 2021 kotu ta ɗaure mai shi shekara 12.

Mafita ɗaya ta fito daga wata doka ta 2014, wadda ta ba IRS damar tantance wasu kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikatan a ƙarƙashin sunansu. Waɗanda aka tantance su ne ke ɗauke da alhakin harajin tarayya kan albashin da suka biya. Wannan kariya ta tarayya ce, jahohi na nan da nasu sharuɗɗa.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa yawan jahohi ya fi yawan ma'aikata nauyi wajen yanke shawara. Kamfani mai mutum 30 a jaha ɗaya yana iya yi da kansa, mai mutum 8 a jahohi 5 kuwa gara ya nemi ƙwararru. Amma ko ya ba da kwangila, wajibi ne ya bar adireshinsa a rajistar IRS don takardun gargaɗi su iso hannunsa, ya kuma riƙa duba asusunsa na biyan haraji ta intanet don ya tabbatar kuɗin sun shiga.