Ba a fafe gora ranar tafiya: gwaje-gwajen da kowane gida zai iya yi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a ƙasar Gure masifa ba baƙuwa ba ce, kuma kusan kowace iri tana da watanta. Gobarar daji tana biyo bayan kaka, sa'ad da ciyawa ta bushe. Sanƙarau yana shigowa da hunturu, ya yi ƙarfi da bazara. Rumbu yana ƙarewa daidai lokacin da aikin gona ya fi nauyi, zazzaɓin cizon sauro da zawo kuwa abokan damina ne. Dattawanmu ba su manta da fari na 1973 da 1974 ba, balle na 1984. Waɗanda ba su kai su shekaru ba sun ga fara ta sauka a 2004, yunwa ta biyo baya a 2005, sun kuma ga mushen shanu a daji a 2010. A 2024 ruwa ne ya yi yawa: ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, kuma a watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe.

Gwamnati tana da nata tanadi. Akwai OPVN mai ajiyar hatsi da sayar da shi da rahusa in abinci ya yi tsada, akwai ma'aikatan da ke bin labarin damina da farashin kasuwa don su yi gargaɗi da wuri, akwai gidajen likita. Amma daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram kilomita kusan 160 ne a kan kwalta, kuma mutumin da ke bayan Kelle ko cikin tuddan rairayi na wajen Tasker, kafin ya kai kwaltar ma aiki ne. Daren farko na kowace masifa mutanen gida ne kaɗai ke fuskantarsa.

In aka tambayi maigida ko ya shirya, amsa ɗaya ce: mun shirya, sai abin da Allah ya yi. Gaskiya ne, komai na Allah ne. Sai dai malamin da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga "na gane" da ɗalibi ya ce, alli yake miƙa masa ya ce ya zo allo. Abin da muke kira gare shi ke nan: kowane gida ya kai kansa allo tun lafiya lau, da ƴan gwaje-gwaje waɗanda ba su cin ko dala.

Mu fara da rumbu, don a nan aka fi ruɗin kai. Na kwana 7, duk tiyar da uwargida ta ɗiba don fura ko tuwo, a ja layi ɗaya da gawayi a jikin bango. Kada a rage ci don ana ƙirga, a yi kamar kullum. Mu ɗauka gida yana cin tiya 2 a rana. A wata tiya 60 ke nan, watau buhu ɗaya da rabi, tunda buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya kusan 40. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ake sa ran sabon hatsi, wata 11 ne, gidan yana bukatar buhu 16 da rabi. Sannan a ciro dami ɗaya daga rumbu, matsakaici, a sussuke shi a sheƙe a auna. Dami ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, shi ya sa kowa zai auna nasa. In ya ba da tiya 7, kuma dami 40 ne a rumbun, tiya 280 ke nan, abincin kwana 140. Wanda ya fara ci ranar 1 ga Nuwamba zai share gindin rumbunsa wajen 20 ga Maris, tun ba a ga hadari ba. Ba mu sa suna da biki da baƙo a lissafin ba.

Wani zai ce, to mene ne amfanin sanin baƙin labari? Amfaninsa yana cikin watan da aka san shi. Da kaka hatsi yana da araha, akuya tana da ƙiba. Da bazara hatsi ya hau, akuya ta rame, kowa ya kawo tasa kasuwa rana ɗaya. A 2005 da 2010 an ga dabbar da a da take sayen buhu ta kasa sayen rabinsa. Maigidan da ya san a Nuwamba cewa abincin wata 6 ya rage masa, yana da zaɓi: ya sayar da bisa ɗaya ko biyu yanzu a kasuwar Subdu ko Gidigir ya cika rumbu, ya nemi fili a kwari ya yi noman rani, ya sa hannu a bankin cimaka na garinsu, ko ya tsara tafiyar cin rani da sanin abin da zai aiko da lokacin da zai aiko shi. Wanda ya gano a Maris ba shi da zaɓi sai bashi, bashin bazara kuwa a gona ake biyansa, da tsada.

A nan akwai maganar da ba kowa ke son ji ba. A gidaje da yawa maigida yana tafiya Najeriya ko Libiya ya bar rumbu a rufe, uwargida ba ta san abin da ke ciki ba, ba ta da izinin buɗewa. Ita ce ke auna tiya kullum, ita ce za ta ga yaro yana ramewa. Lissafin rumbu na mutum biyu ne, kuma kafin tafiya a yi magana a fili: ga ranar da za a buɗe, ga abin da za a sayar in ciwo ya zo. Iri kuwa a ware shi tun yau, a zaɓi zangarniya mafi kyau a ɗaure dabam. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ciki uku, a matse iska a ɗaure kowane ciki shi kaɗai, ƙwari za su mutu ba tare da an sa magani ba.

Gwaji na biyu na dare ne, kuma yara suna son sa. Bayan sallar isha'i a kashe fitila, maigida ya ce a kawo tocila, a kawo karnen likita na yara da na mai ciki, a kawo takardun haihuwa, a kawo ɗan kuɗin da aka ajiye don ciwo. Ya riƙa ƙirgawa a hankali. In ya kai 100 ba a kawo ba, ko an kawo tocila ba batir, gwajin ya yi aikinsa. Gyaran mai sauƙi ne: takardu duka a leda ɗaya, ledar a cikin gwangwani mai murfi, a rataye shi sama kusa da ƙofa inda ruwa da gara ba su kai. Waɗanda ɗakunansu suka faɗi a 2024 sun san wahalar sake neman takarda. A kuma rubuta lambar salula ta ma'aikacin likita da ta mai mota ko mai babur a bango da manyan lambobi, yaro ɗaya ya haddace su, don salula tana mutuwa, kuma mai ita ba kullum yake gida ba.

Sai hanya. Wa ke da amalanke a unguwa? An taɓa yi masa magana, ko sai ranar za a buga masa ƙofa? Ranar kasuwa a duba agogo a ga awa nawa ake yi daga gida zuwa gidan likita mafi kusa, a tuna cewa da damina ko cikin dare tafiyar ta fi haka. Gidan da ke da mai ciki ya yi wannan tun tana wata 7. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, jijjiga, ko naƙuda da ta wuce awa 12, babu ɗaya cikinsu da ake jiran gari ya waye. Haka yaro ko babba mai zazzaɓi mai zafi da wuya ya sanƙare, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura: sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya. Ya ɓarke a jihar Damagaram daga Nuwamba 2022, ya fi tsanani a Dungas. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin mota na mai ciwo ne, kuma wani lokaci magani yakan yanke a saya a waje. Saboda haka kuɗin gwangwani ba na goro ba ne.

Zawo yana kashe yaro ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsa. Maganin farko shi ne garin da ake bayarwa a likita, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. In babu ƙunshin, a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mata da yawa sun ji wannan a rediyo. Gwajin shi ne a haɗa shi yau, yaro yana wasa a tsakar gida. Wane kwano ne lita ɗaya? A auna da kwalba a yi masa alama. Akwai ƙaramin cokali a gidan kuwa? A ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye, don gishiri in ya yi yawa cutarwa yake yi. Kishiya ta gwada, babbar ɗiya ta gwada, maigida ma ya gwada, ba abin kunya ba ne. A ci gaba da ba da nono, a riƙa ba da ruwan kaɗan-kaɗan da cokali, abin da ya kwana ɗaya a zubar a haɗa sabo. In akwai jini a zawon, ko yaro ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, sai likita.

Haka zancen igiyar awon damtse mai launi uku. A jiharmu, a Mirriya, aka nuna cewa uwaye da kansu suna iya auna ƴaƴansu daidai, ba sai ma'aikaci ba. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, a tsakiyar damtse. Kore lafiya, rawaya a kai shi a duba, ja kuwa, watau ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a tafi ranar. A danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, in rami ya zauna, shi ma haka. Uwa ta nemi igiyar a likita, ta sa wa kanta rana ɗaya a mako, Juma'a misali, musamman daga Yuni zuwa kaka. Cikin waɗannan watanni ne kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi ke bi gida-gida sau ɗaya a wata. Na kwana na farko a gabansu ake sha, na kwana na biyu da na uku a hannun uwa yake, kuma a nan ake yawan mantuwa. Layin gawayi a bango yana maganin wannan ma.

Ruwan sha ba za mu daɗe a kansa ba. A ƙirga jarka nawa gida ke sha da girki a rana, a tambayi kai: in famfo ya lalace ko rijiya ta rufta, kwana nawa abin da ke cikin randa zai kai? Gidan da amsarsa ba ta kai kwana 2 ba ya ƙara jarka ɗaya mai murfi, a riƙa juya ruwanta. Ruwan tabki a tace a tafasa, ko a sa Aquatabs yadda aka rubuta a jira rabin awa.

Maciji da wuta su ne inda al'ada ta fi yi mana ɓarna. Wanda kububuwa ta sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da awarwaro, a kafe ƙafar da sanda kamar ta mai karaya, a ɗauke shi, kada ya taka. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi mai tsabta take so, a yi ta zubawa kamar minti 20, ba tawada ba, ba ƙwai ba, ba baƙin mai ba. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Wannan ma a sa yara su yi shi a rairayi kamar wasa, har jikinsu ya saba.

Sannan maigida ya taka da ƙafarsa daga murhu zuwa danni, daga danni zuwa rumbu, daga rumbu zuwa tarin kara da harawa, ya ƙirga taku. In iskar hunturu za ta iya ɗaukar tartsatsi daga ɗaya zuwa ɗaya, a raba su, a share ciyawar da ke kewaye da rumbu har ƙasa ta fito, a ajiye bokitin rairayi kusa da madafa. Man fetur na sayarwa ko na babur kada ya kwana ɗaki ɗaya da mutane ko fitila. A Yamai, cikin watan Mayu 2019, tankar mai ta kife, mutane suka taru suna ɗiba, ta kama wuta ta kashe fiye da 50. Makiyaya kuwa sun san hanyoyin tare wuta da ake sharewa a daji bayan damina. Hanyar da aka share bara ta sake cika da ciyawa bana, sai mutanen gari da na ruga sun sa rana sun bi ta da hauya da manjagara kafin iska ta juyo daga gabas.