Kokawar Nuba: daga duwatsun Kordofan zuwa fagen Haj Yusuf

Kokawar gargajiya da aka fi sani a Sudan ita ce ta mutanen Nuba, mazauna duwatsun Kordofan ta Kudu, jihar da Kadugli ke zaman babban birninta. Nuba ba ƙabila ɗaya ba ce. Ƙabilu ne kusan hamsin, irin su Korongo da Mesakin da Moro da Otoro, kowacce da harshenta, wasu ma ba sa jin maganar maƙwabtansu na bayan dutse. Kokawa na cikin abubuwan da suka haɗa da yawansu. Da yaƙi da neman abinci suka kai dubbansu Hartum da Umdurman, sai suka tafi da ita, har ta zama wasan da ɗan birni ke biyan kuɗi ya shiga kallo.

Masana tarihi kan danganta ta da zamanin Fir'aunonin Masar. A kabarin wani hafsan soja mai suna Tjanuni, kusa da Luksor ta yau, akwai zane na wajen shekara ta 1410 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ke nuna ƙarfafan mutanen kudu suna tafiya a jere, na ƙarshensu riƙe da tuta mai hoton 'yan kokawa biyu. Sai dai a nan akwai wurin taka-tsantsan: Nubiyawan bakin kogin Nilu daban, Nuba na duwatsu daban, ko da yake sunayen sun yi kama. Zanen ya tabbatar da tsufar kokawa a wannan yanki, bai tabbatar da cewa jikokin waɗancan ne ke fafatawa a yau ba.

A duwatsu, kokawa abin kaka ce. Idan aka girbe dawa, rumbu ya cika, sai ƙauye ya gayyaci ƙauye. Samarin da za su shiga fage sukan ƙaurace wa gari su tare a rugar shanu, suna shan madara, suna gwada ƙarfi da juna a gaban tsofaffin 'yan kokawa. Ranar karawa sukan shafe jiki da toka har su yi fari fat, wasu su ɗaura ƙwarya ko jelar saniya a ƙugu, a rako su da ganga da ƙaho. Mutum biyu ne ke kama juna a tsakiyar da'ira, amma ba don kansu suke yi ba. Wanda ya yi kaye, ƙauyensa ne ya yi kaye. Wanda ya sha ƙasa, da kunyar gari guda zai koma gida. Mata su tsara wa gwani waƙa, maza su saɓa shi a kafaɗa su zagaya fage da shi. Irin wannan saɓawa ce mai ɗaukar hoto ɗan Ingila George Rodger ya kama a 1949 a ƙasar Korongo, hoton da ya zaga duniya, ya kuma ja Bajamushiya Leni Riefenstahl zuwa duwatsun, har ta fitar da littafin hotunanta na Nuba a 1973.

Wannan ɗabi'a ta ɗaure nasarar mutum ɗaya a wuyan jama'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A gasar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin farko, kowace jiha 'yan kokawa goma take turawa, kuma duk wanda ya ɗaga takobin, jiharsa ce ke kwana tana biki.  

Zuwan wasan babban birni ba da daɗin rai ya faru ba. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1983 ya isa duwatsun Nuba cikin 'yan shekaru, aka ƙone ƙauyuka, aka raba mutane da gonakinsu. An tsagaita wuta a 2002, faɗa ya sake tashi a watan Yunin 2011. Waɗanda suka tsere sun zauna a unguwannin gefen birni, irin su Umbadda a Umdurman, da Mayo a kudancin Hartum, da Haj Yusuf a gabashin Nilu, wajen Bahri. A Haj Yusuf ɗin ne kokawa ta kafa gindi, aka fara a fili buɗaɗɗe, daga baya aka gina mata fage mai wuraren zama.

Birni ya canza mata kama sosai. Toka da ƙwarya sun kau, gajeren wando da riga irin ta 'yan ƙwallo suka maye gurbinsu, domin tun zamanin Shugaba Ja'afar Numeiri hukuma ke matsa wa Nuba lamba a kan sutura. Ba a jiran kaka, kafin yaƙin 2023 duk Juma'a da la'asar ake yi. Alƙalin wasa ya shigo da usur da agogo, aka ƙayyade mintoci, in lokaci ya cika babu kaye a tashi canjaras. Kulob ya karɓi matsayin ƙauye, kuma ƙofarsa a buɗe take ga wanda ba Banube ba. Abin da bai canza ba shi ne ainihin kamun. 'Yan kokawa biyu za su sunkuya, kowa ya ɗebi yashi ya murza a tafin hannu, su riƙa zagaya juna suna kai hannu ga kai ko gwiwa, ana neman sake. Babu naushi, babu shaƙa, babu dannewa a ƙasa. Da zarar an ɗaga mutum an maka shi da ƙasa, magana ta ƙare. Sai 'yan kallo su yi ca, a ɗauki gwani a kafaɗa, masu hali su riƙa liƙa masa takardun fam a goshi mai gumi, kamar yadda ake yi wa ɗan dambe liƙi a Kano. Ga saurayin da ke aikin lebura ko dako sauran kwanakin mako, wannan liƙi ba ƙaramin abu ba ne.

Har baƙi sun san da fagen. Kafin yaƙin 2023, mai ziyarar birnin ranar Juma'a yakan rasa inda zai nufa, ko zikirin 'yan Ƙadiriyya a hubbaren Shehu Hamad al-Nil a Umdurman, ko kokawar Haj Yusuf, don kusan lokaci ɗaya ake yin su, kuma kogi na tsakani. A 2013 wani jami'in ofishin jakadancin Japan, Yasuhiro Murotatsu, ya tuɓe takalmi ya shiga fagen da kansa. Ya sha kaye ba sau ɗaya ba, amma 'yan kallo sun riƙe shi da daraja, suna kiransa Muro.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya tarwatsa rayuwar birnin, miliyoyin mutane suka fice. Gabashin Nilu, inda fagen yake, ya daɗe a hannun RSF kafin sojoji su karɓe shi a farkon 2025. Iyalan Nuba da dama da suka gudo Hartum saboda yaƙin duwatsu sun sake ɗaure kayansu, wasu suka nufi Masar ko Sudan ta Kudu, wasu suka koma duwatsun da iyayensu suka baro.