Shin Ko Kun San? Mai Ƙibar da Ya Fara Tattaki Ya Fi Kowa Riba

Wannan rubutu na masu jiki ne: waɗanda hawa bene kan sa su tsaya su dafa bango suna haki, da waɗanda likita ya ce wa "Alhaji, sai fa an rage" ko "Hajiya, nauyin nan ya yi wa gwiwa yawa", suka fito daga asibiti ba su san ta inda za su kama ba.

Shin ko kun san wanda bai saba motsa jiki ba sam, shi ya fi kowa cin riba idan ya fara? A 1989 Steven Blair da abokan aikinsa a birnin Dallas na Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum sama da 13,000 na kimanin shekara takwas. Sun kasa su gida biyar gwargwadon ƙarfin zuciya da numfashi. Babban bambancin yawan mace-mace ya fito ne tsakanin rukunin da ke can ƙasa da wanda ke binsa. Ma'ana, tashi daga zama zuwa tattaki ya fi tashi daga tattaki zuwa tsere amfani ga tsawon rai.

Shin ko kun san a cikin motar haya aka fara gano wannan sirri? A 1953 likita Jerry Morris ya kwatanta direbobi da kwandastocin manyan motocin Landan masu bene. Direba na zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka ɗaruruwan matakala yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi sosai. Masu tuƙa tirela da masu adaidaita sahu da masu zaman shago tun safe har magariba, wannan zance naku ne.

Shin ko kun san matsalar ta game duniya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas na fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990.

Shin ko kun san minti 150 a mako hukumar ta ce baligi ya samu na motsa jiki matsakaici? Minti 30 ke nan a rana, kwana biyar a mako. Kuma a ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ba ta ce sai an yi su a jere ba, kowane ɗan motsi yana shiga lissafi. Wanda ya ƙara wa kansa zagayen minti shida a hanyar dawowa daga masallaci, sau biyar a rana, ya cika mintinsa 30 ba tare da ya sayi kayan wasanni ba. Ga matan da ba sa yawan fita, kai-kawo da sauri a tsakar gida, shara, daka da wankin hannu duk motsa jiki ne, in dai sun sa numfashi ya ɗan ɗaga.

Shin ko kun san maganar taku 10,000 a rana daga talla ta samo asali? A 1965 wani kamfani a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata suna mai ɗauke da wannan adadi, adadin ya bi duniya. Da I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bibiyi mata tsofaffi kusan 17,000, sakamakon da ta fitar a 2019 ya nuna masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsira daga mutuwa a tsawon binciken, kuma ribar ta ci gaba da hawa har wajen taku 7,500 kafin ta daidaita. Don haka in wayarku ta nuna 3,000 yau, ku nufi 3,500 mako mai zuwa.

Shin ko kun san bakinku ya isa ya gaya muku ko saurin da kuke yi ya yi daidai? In kuna tafiya kuna iya hira amma ba za ku iya rera waƙa ba, kuna kan matsakaicin mataki, shi ake so. In kalma biyu ko uku kawai ke fita sai kun ja numfashi, kun zarce, ku sassauta.

Shin ko kun san kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku? Stephen Messier ne ya auna haka a 2005 a jikin masu ƙiba da ke fama da ciwon gwiwa. Kilo biyar in ya tafi, gwiwa ta huta da kusan kilo 20 a duk sawun da aka ɗaga. Shi ya sa ake hana mai nauyi sosai farawa da gudu ko tsallen igiya. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da tuƙa keke sun fi yi wa gwiwa adalci, kuma a sa takalmi mai taushin ƙasa da ya kama ƙafa, silifas ba na doguwar tafiya ba ne.

Shin ko kun san ba sai an koma siriri ake ganin amfani ba? A wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka wallafa a 2002, an sa wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu musu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin kashi 31 suka samu. Ga mai kilo 100, kilo bakwai kacal ake magana. Rage kashi 5 zuwa 10 na nauyi yakan kuma sauko da hawan jini da kitsen cikin jini.

Shin ko kun san zare ya isa ku gane ko tumbi ya kai matakin haɗari? Likitoci na amfani da lissafin BMI, wanda asalinsa na wani masanin lissafi ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830: a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.70 zai samu kusan 33, alhali daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce. Amma lissafin ba ya nuna inda kitsen ya taru, kuma na ciki, wanda ya lulluɓe hanta da hanji, shi ne mugun. Ku yanki zare daidai tsawonku daga ƙafa zuwa tsakar kai, ku ninka shi biyu, ku zagaya shi a ciki ɗan sama da cibiya kaɗan. In bakunan zaren biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, akwai aiki.

Shin ko kun san kitse ta hanci yake fita? A 2014 Ruben Meerman da Andrew Brown a Ostareliya suka yi lissafin: in jiki ya ƙona kitse kilo 10, kilo 8.4 yana fita ne a matsayin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, kilo 1.6 kuma ya zama ruwa. Gumi ruwa ne da gishiri, jiki ke fitar da shi don ya huce. Masu ɗaura leda a ciki ko sa rigar sanyi su fita gudu da rana, abin da sikeli ya nuna sun rage yana dawowa da zarar sun sha ruwa. A zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ma'aunin zafi ke haura 40, wannan dabara na iya kai mutum ga suma. A fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu.

Shin ko kun san atisayen kwanciya ana tashi ba ya narkar da tumbi? Yana ƙarfafa naman ciki, amma jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da ake motsawa kaɗai, daga ko'ina yake ɗiba. Tumbi na sauka ne in nauyi gaba ɗaya ya sauka.

Shin ko kun san kwalbar lemo ɗaya na iya share tattakin rabin awa? Kwalba mai santilita 50 ta yawancin lemon zaƙi na ɗauke da sukari wajen gram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu ko fiye, kalori kusan 200. Mai kilo 100 in ya yi tafiyar minti 30 da ɗan sauri, abin da zai ƙona bai wuce haka ba. Gram 50 ɗin nan kuwa shi ne kusan iyakar sukarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sha a yini guda. Zoɓo da kunun aya da shayin mai shayi, in an zabga musu sukari, duk layi ɗaya suke. Dokar kuɗi ta Najeriya ta 2021 ma ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Shin ko kun san mai ya fi tuwo nauyi a lissafin kalori? Gram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko na furotin 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori wajen 120 ne. Ku tsaya gaban mai garau-garau ku kalli yadda take karkata ludayi a kan shinkafa da wake, mai ya gangara ya kwanta a gindin kwano, mai saye kuma ya ce "ɗan ƙara": cokali uku sun shiga, kalori 360, kafin a kai loma ɗaya. Rage mai da rabi, a cika rabin kwano da zogale, rama, kabeji ko alayyafo, ya fi a hana kai abinci a wuni da yunwa, dare ya yi a rama.

Shin ko kun san motsa jiki shi kaɗai ba ya cika rage nauyi da yawa? Herman Pontzer ya auna 'yan ƙabilar Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yawo wuni guda, ya tarar a 2012 cewa kalorin da suke ƙonawa a yini bai yi nisa da na mazauna biranen Turai da Amurka ba, in an yi la'akari da girman jiki. Jiki na da dabarar tsimi. Tattaki na gyara zuciya, suga da barci, amma saukar sikeli ta fi dogara ga abin da ke cikin kwano.

Shin ko kun san yawancin abin da ke sauka a makon farko ruwa ne? Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane gram ɗaya tare da ruwa wajen gram uku. In aka rage ci, ajiyar ta ragu, ruwan ya bi ta. Bayan nan saukar takan yi sanyi, a nan ne da yawa ke karaya. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci ke yarda da shi.

Shin ko kun san tsamin jiki bayan fara atisaye ba ciwo ba ne? Yakan tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya wuce da kansa, kuma ɗan motsi kan sassauta shi. Abin da ba a wasa da shi daban ne: ciwo ko nauyi a ƙirji, ciwon da ke bin hannu ko muƙamuƙi, jiri, bugun zuciya barkatai, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an huta. Wanda ya ji ɗaya daga ciki ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.

Shin ko kun san kujera da bango sun isa kayan atisaye? Ana so a ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, don in ana rage nauyi tsoka ma na zaizayewa tare da kitse. A zauna a kujera mai ƙwari a miƙe ba tare da dafa komai ba, sau takwas ko goma. A dafa bango da tafin hannu biyu, a sunkuya gare shi a tura kai baya. Galan biyu na ruwa sun maye gurbin ƙarfen ɗagawa.

Shin ko kun san yawancin shayin rage ƙiba maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari? Ruwa suke zuƙewa, kitse na nan daram. An kuma sha samun sinadarin sibutramine a ɓoye cikin wasu magungunan rage ƙiba da ake tallatawa a matsayin na ganye, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Shin ko kun san ƙarancin barci na buɗe ciki? Wanda ba ya samun isasshen barci, sinadarin da ke tayar da yunwa na ƙaruwa a jininsa, mai sanar da ƙoshi kuma ya ragu. Awa bakwai ko fiye ake so ga baligi.

Shin ko kun san sa'ayi tsakanin Safa da Marwa tafiyar fiye da kilomita uku ce? Tsakaninsu mita wajen 450 ne, sau bakwai, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Maniyyacin da ya fara tattaki watanni kafin tashi, ƙafarsa za ta ɗauke shi a can.

Shin ko kun san abin da waɗanda suka rage ƙiba ba ta dawo ba suka yi tarayya a kai? Tun 1994 Rena Wing da James Hill ke tattara bayanan irin waɗannan mutane a Amurka, waɗanda suka rage aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara ɗaya ko fiye. Kusan dukkansu sun gyara cin abinci, mafi yawansu suna hawa sikeli a kai a kai, kuma motsa jikin da suka fi yi shi ne tafiya a ƙasa.

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko juna biyu ya fara ganin likita, musamman mai shan maganin suga, don motsa jiki na iya sauke sugan fiye da kima. Sauran kuwa ku auna hawan jini da suga ko a asibitin unguwa ne, ku fara da minti biyar zuwa goma a rana, ku riƙa ƙara minti biyu ko uku duk mako har ku kai 30.