Tarin da Ya Ƙi Jin Magani a Tashar Adjamé

Duk wanda ya wuni a babbar tashar motar Adjamé, a Abijan, ya san hayaƙin gas da motocin gbaka ke fesawa tun asuba. A cikinsa direbobi da 'yan kamasho da masu talla, har da 'yan'uwanmu Hausawan Nijar da Najeriya, ke neman abinci. A shekarar 2012 hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu, ko da yake taba ce uwa uba.

Abin da ke damuna shi ne hanyar da mai tari ke bi. In tari ya daɗe, ga rama, ga jini a kaki, kowa sai ya ce tarin fuka ne, kuma sau da yawa hakan ne. Akwai cibiyoyin tarin fuka a Adjamé da Treichville. Amma sankara ma da wannan rigar take zuwa. Mutum na iya shan maganin wata shida, ƙari kuwa yana ta girma, ya tsallaka ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Ita tiyata da sauran lokaci take amfani. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. In ƙarin bai bazu ba, likita kan cire kashin da ya kamu, mutum ya ci gaba da numfashi da ragowar. A 1933 likita Evarts Graham ya cire wa wani mai sankara huhu guda sukutum a birnin St. Louis na Amurka, majinyacin ya rayu har ya ga rasuwar Graham a 1957, wanda shi ma wannan cutar ce ta kashe shi. Alƙaluman Amurka na nuna cewa kusan shida cikin goma na waɗanda aka gano cutar tana wuri guda suna kai shekara biyar. In ta yi nisa, ba su cika ɗaya cikin goma ba.

Likitocin tiyatar ƙirji suna nan a Cibiyar Zuciya ta Abijan da ke Treichville, ga cibiyar gashin sankara da aka ƙaddamar a Cocody a ƙarshen 2017. Daga Adjamé tafiyar ba nisa. Don haka duk mai tarin da aka auna kakinsa ba a ga ƙwayar fuka ba, ko ya sha magani bai ji sauƙi ba, musamman mai shan taba, ya kamata a tura shi hoton sikana da gwajin tsoka cikin makon, ba sai an ƙara masa wasu watanni ba.