Jarrabawar Shaidar Tsaron Intanet: Inda Karatu Yake, Da Inda Tarko Yake

Duk mai leƙa zaurukan WhatsApp da Telegram na matasa masu neman aikin fasaha ya saba cin karo da wani irin talla. Wani zai ce yana da ainihin tambayoyin da za a yi a jarrabawar Security+, ka biya ka haddace ka ci a zama ɗaya. Wani ya fi shi ƙarfin hali, ya ce ba sai ka wahalar da kanka ba, ka turo kuɗi da hoto kawai, satifiket zai iske ka har gida. Kasuwar tasu tana ci ne domin buƙatar gaskiya ce. Bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomi suna neman masu tsare musu bayanai, kuma tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a 2023 nauyin da ke kansu ya ƙaru. Abin da masu tallan ba sa so ka sani shi ne, mafi yawan kayan karatu masu inganci kyauta ne ko kuma masu sauƙin kuɗi, kuma gajeriyar hanyar da suke sayarwa ita ce ke jawo asarar kuɗi da ta suna.

Wace jarrabawa ce taka?

Shaidun suna da yawa, kuma kowace da matakinta. Ƙungiyar ISC2 tana da CC, wadda aka tsara domin sabon shiga, ba ta neman gogewar aiki. A 2022 ƙungiyar ta ƙaddamar da shirin bai wa mutum miliyan ɗaya horo da jarrabawar CC kyauta, don haka mai sha'awa ya duba shafinta ya ga halin da shirin yake ciki. Sai Security+ ta ƙungiyar CompTIA da ke Amurka, wadda ita ce aka fi farawa da ita. CISSP kuwa, duk da sunan da ta yi, ta manya ce: sai mutum ya yi shekara 5 yana aiki a fanni biyu ko fiye daga cikin fannoni 8 kafin a ba shi cikakkiyar shaidar, kuma kuɗin jarrabawarta dala 749 ne. Akwai CEH ta EC-Council, da CISA da CISM na ISACA, da OSCP ta OffSec wadda ake shafe kusan awa 24 ana kutsawa cikin kwamfutocin gwaji sannan a rubuta rahoto. Ɗalibin da bai taɓa haɗa kwamfuta biyu su yi magana da juna ba, in aka ce masa ya fara da CISSP ko OSCP, kuɗinsa kawai ake so.

Bari mu tsaya a kan Security+, tun da ita ce ƙofar da yawancin matasa ke bi. Nau'inta mai lamba SY0-701 ya fito a Nuwamban 2023. Tambayoyin ba sa wuce 90, lokacin minti 90 ne, kuma ana cin ta da maki 750 a ma'aunin da ya tashi daga 100 zuwa 900. Kuɗinta ya haura dala 400, wanda in aka juya shi zuwa naira ba ƙaramin jari ba ne. Wanda ya faɗi, sai ya sake biya kafin ya sake zama.

Fara da kundin manhaja

Abu na farko da za ka sauke, kafin kowane littafi ko bidiyo, shi ne kundin manhajar jarrabawar, wanda CompTIA ke bayarwa kyauta a shafinta. A ciki aka jera duk abin da za a iya tambayar ka, kuma aka faɗi nauyin kowane fanni. Ginshiƙan tsaro suna da kashi 12 cikin ɗari, barazana da rauni da hanyoyin toshe su kashi 22, tsarin ginin tsaro kashi 18, gudanar da aikin tsaro na yau da kullum kashi 28, sai shugabanci da sa ido kashi 20. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya gaya maka inda za ka fi zuba lokacinka. Matasa da yawa suna shagala da labarin kutse domin ya fi daɗin ji, su yi watsi da fannin dokoki da tantance haɗari, alhali shi kaɗai ɗaya bisa biyar ne na jarrabawar.

Ka buga kundin a takarda. Duk maudu'in da za ka iya bayyana wa ƙaninka da Hausa ba tare da ka leƙa littafi ba, ka sa masa alama. Wanda ka kasa, can karatunka yake.

Ka kuma lura da lambar jarrabawa a jikin duk abin da za ka karanta. Kusan duk shekara uku ake sabunta manhajar. An daina yin SY0-601 a ƙarshen Yulin 2024, amma har yanzu littattafanta da bidiyoyinta na yawo a wayoyin mutane, wasu ma ana sayar da su a matsayin sababbi.

Kayan karatun da aka sani

A YouTube akwai cikakken darasin Professor Messer, kyauta, an yanka shi gajeru-gajeru bisa jerin kundin manhaja. Mai ƙarancin data zai iya saukewa da dare lokacin da kamfanonin waya ke rangwame, ya kalla da rana. A ɓangaren littafi, jagoran karatun da Mike Chapple da David Seidl suka rubuta, wanda Sybex ta wallafa, sananne ne. Jason Dion yana da darussa da jarrabawoyin gwaji a Udemy, inda ake yawan karya farashi. Wanda bai da tushe ko kaɗan zai iya somawa da darasin gabatarwa na Cisco Networking Academy, shi ma kyauta, ko kwas ɗin tsaron intanet na Google a Coursera. A gida kuma, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta soma a 2023 yana da fannin tsaron intanet cikin darussansa.

Kada ka tara duka. Darasin bidiyo ɗaya, littafi ɗaya, da jarrabawar gwaji daga majiya mai mutunci sun wadatar. Akwai masu cika kwamfuta da littattafai hamsin ba su gama babi uku a ko ɗaya ba.

Yadda ake amfani da jarrabawar gwaji ma sai an koya. In ka maimaita guda ɗaya sau biyar, makinka zai yi sama, amma amsoshi ka haddace. Amfaninta yana cikin tambayoyin da ka faɗi: ka koma ka gano dalilin da ya sa amsar daidai ta zama daidai, da dalilin da ya sa sauran ukun suka zama kuskure. Jarrabawar ba a yin ta da Hausa, kuma Turancinta na da murɗiya. Sau da yawa amsa biyu za su yi kama da daidai, a ce ka zaɓi wadda ta fi dacewa, ko matakin da za a fara ɗauka.

Sai hannu ya taɓa

A cikin jarrabawar akwai tambayoyin aiki, galibi a farko. Za a iya nuna maka katangar tsaron wani kamfani a ce ka gyara ƙa'idojinta: ka bar ƙofa ta 443 a buɗe domin masu ziyartar shafin, ka taƙaita ƙofa ta 22 ga kwamfutar mai kula da tsarin kaɗai, ka rufe ta 3389 daga waje. Wanda haddar lambobi kawai ya yi, a nan gumi ke karyo masa.

Maganin wannan yana cikin kwamfutarka. Ka sauke VirtualBox, wanda ke ba ka damar kunna wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora Kali Linux a kai. Ka buɗe Wireshark, ka shiga wani shafin gwaji da ba a kulle sadarwarsa ba, ka rubuta kalmar sirri. Za ka gan ta ƙuru-ƙuru a cikin bayanan da manhajar ta kamo, harafi bayan harafi. Ka sake yi a shafin da ke da HTTPS, sai ka ga tarkacen da ba ya karantuwa. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ba zai sake manta amfanin ɓoye saƙo ba. Shafuka irin su TryHackMe da Hack The Box da OverTheWire suna da filayen atisaye da aka gina domin a kutsa musu.

A nan akwai jan kunne. Atisaye a kan kwamfutarka ko a waɗannan filaye halal ne. Gwada ƙwarewa a shafin makarantarku, ko Wi-Fi ɗin maƙwabci, ko manhajar wani banki ba tare da rubutaccen izini ba laifi ne a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma hukuncinsa ɗauri ne ko tara ko duka biyun. Jamhuriyar Nijar ma tana da tata dokar tun 2019. Cewa koyo kake yi ba zai fitar da kai a gaban alƙali ba.

Tarkuna huɗu

Na farko shi ne tambayoyin sata, waɗanda 'yan harkar ke kira damps. Kafin ka fara jarrabawa sai ka amince da yarjejeniyar cewa ba za ka fitar da tambayoyi ba, ba kuma za ka yi amfani da waɗanda aka sato ba. In aka kama ka, ana iya soke sakamakonka, a ƙwace shaidar, a hana ka sake zama. Ban da haka, amsoshin da ke cikinsu sau da yawa kuskure ne, domin wanda ya tattara su ba malami ba ne.

Na biyu sojan gona, wato wani ya zauna maka, ko ya karɓi ragamar kwamfutarka daga nesa yana amsawa. Ka miƙa wa baƙo katin shaidarka da kwamfutarka, kuma ka ba shi abin da zai riƙa yi maka barazana da shi har bayan ka samu aiki.

Na uku satifiket na bogi. Takarda mai ado ba ta ruɗin ma'aikata yanzu, domin kowace shaida tana da lambar tantancewa ko bajo na Credly da za a duba a intanet cikin minti ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na huɗu baucar jarrabawa mai arhar banza da littattafan sata. Bauca, wato shaidar biyan kuɗin zama jarrabawa, tana da wa'adi, kuma ana iya ɗaure ta da yanki, don haka wadda wani ya sayar maka a Telegram kan rabin kuɗi tana iya zama an riga an yi amfani da ita ko ba ta aiki a ƙasarka. Ka saya daga shagon CompTIA, ko Pearson VUE mai gudanar da jarrabawar, ko wakilin da aka amince da shi. Fayilolin da ake rabawa a matsayin littafi kyauta kuwa, tsohuwar hanya ce ta cusa muguwar manhaja a kwamfuta.

Ranar jarrabawa da bayanta

Ana zama Security+ a cibiyar Pearson VUE ko a gida ta manhajar OnVUE. Ta gida tana da sharuɗɗa masu tsauri: za ka ɗauki hoton katin shaidarka da na ɗakin, tebur ya zama fayau, kyamara na kallonka, babu waya a kusa, babu mai shigowa. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, intanet na yankewa, yara na turo ƙofa, zuwa cibiya ya fi kwanciyar hankali ko da za a yi tafiya. Ka tabbata sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai da na katin shaidarka. In tambayar aiki ta cije, ka sa mata alama ka wuce, ka dawo bayan ka gama masu sauƙi.

Shaidar tana aiki shekara 3, ana sabunta ta da makin ci gaba da karatu 50 ko da cin wata jarrabawa ta gaba da ita. Kuma ita kaɗai ba ta ba da aiki. Tana kai takardunka gaban mai ɗauka ne, sannan a zaunar da kai a yi maka tambayoyi, wani lokaci a ajiye maka kwamfuta a ce nuna. Iyaye da yayye masu biya wa yara kuɗin horo su tambayi cibiyar abu uku kafin su saki kuɗi: wace lambar jarrabawa ake koyarwa, ko akwai atisaye da hannu, kuma ko kuɗin ya haɗa da bauca ta gaskiya. Duk cibiyar da ta yi alkawarin cin jarrabawa ɗari bisa ɗari, ko ta ce tana da tambayoyin da za su fito, a kama hannun yaro a fita.