Gansakuka a Tafkin Kifi: Cuta ce ko Alamar Cuta?

Sau da yawa mai kiwon kifi a bayan gida yakan wayi gari ya tarar ruwan tafkinsa ya yi kore shar, kifaye sun taso sama suna haki, wasu ma sun mutu. Nan take sai ya ɗora wa gansakuka laifi, alhali kuwa ita alama ce kawai ta cewa abinci ya yi wa ruwan yawa.

Gansakuka ƙananan halittu ne masu haɗa abincinsu da hasken rana, kamar tsirrai. Da rana sukan fitar da iskar oksijin wadda kifi ke rayuwa da ita. Da dare kuwa sai su koma suna shaƙar ta tare da kifin. Saboda haka iskar takan yi ƙaranci gab da asuba, musamman a bazara, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Ƙarfasa ce ke fara mutuwa. Tarwada takan jure, tun da tana iya shaƙar iska daga sama.

Abin da ke haɓaka gansakuka shi ne sinadaran nitrojin da fosfaras, waɗanda ke fitowa daga ragowar abinci da kashin kifi da takin da ruwan sama ya wanko. Gwajinta ba wuya: mai tafki ya tsoma hannunsa, in tafin ya ɓace masa tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, to ta yi yawa.

Magani na farko shi ne rage abinci, a ba kifi gwargwadon abin da zai cinye nan da nan. Sannan a riƙa sauya wani kaso na ruwan, a kwashe lakar ƙasa, a yi wa sashen tafkin inuwa. Kainuwa ma takan tsotse sinadaran, muddin ana rage ta kada ta rufe ruwan.

A guji zuba guba. Gansakukar da ta mutu gaba ɗaya, ruɓewarta za ta cinye sauran iskar. Haka kuma in an ga kumfa mai kama da koren fenti, a hana dabbobi sha, domin wannan nau'in yakan fitar da dafi mai illa ga hanta. Irinsa ne ya hana mazauna birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo har kusan kwana uku a 2014.

Ashe tsabtar tafki daga mudun abinci take farawa.